Ɗan ukun da ke fita daga wuyan yuraniyam, da zafin da yake ba da labarinsa

Duk mai shiga trotro, motar haya ta Accra, daga Madina zuwa Haatso ko Dome ya saba da muryar yaron mota, yana rataye a bakin ƙofa yana kiran "Atomic, Atomic!" Sunan ya bi mahaɗa, ya bi titi, ya bi unguwa, har ba mai tambayar inda ya samo asali. Asalinsa kuwa yana Kwabenya, mazaunin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana. An kafa ta a 1963, kuma a watan Nuwamba na 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin ginin tukunyar nukiliya a wurin. Juyin mulkin 1966 ya kwantar da aikin. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka samu ƙaramar tukunyar bincike ƙirar ƙasar Sin mai suna GHARR-1, wadda ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne. 'Yar'uwarta ce take Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello.

Koyar da fiziks ne aikina, kuma shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai abin da ke cikin littafinsu: nutiron, ƙwaya marar caji, ya faɗa wa cibiyar zarrar yuraniyam, ta tsage gida biyu, ta saki nutiron biyu ko uku da ƙarfi mai yawa. Gaskiya ne, amma da saura. A cikin kowace tsagewa 500 akan samu kamar guda ɗaya da ba biyu ake tashi da su ba, uku ne: manya biyu, da wani ɗan ƙarami da ya fito daga tsakaninsu. A kan wannan ɗan ukun nake so mu zauna, domin shi ne yake wurin a daidai lokacin rabuwa, kuma daga bakinsa ake jin irin zafin da wurin ya ɗauka.

A gaban mai koko na fi gane shi. Akwai wata baiwar Allah da ke sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu a Zongon Madina. Idan ta gama juye ludayi a kofi ta ɗaga hannu, kokon ba ya yankewa nan take. Sai ya ja zare, zaren ya yi ta sirancewa, sannan ya tsinke. Galibi na sama ya koma ludayi, na ƙasa ya faɗa kofi, shi ke nan. Amma wani sa'in zaren yakan tsinke a wuri biyu, ka ga ɗan ɗigo ya rage a tsakiya shi kaɗai, ba na ludayi ba, ba na kofi ba. Wannan kwatancin yana da tushe. A ƙarshen 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano tsagewar yuraniyam a Jamus, Lise Meitner da Otto Frisch suka fassara abin da aka gani, a 1939 kuma Niels Bohr da John Wheeler suka shimfiɗa lissafinsa. Waɗannan huɗun na ƙarshe duka a kan ɗigon ruwa suka ɗora bayanin.

Cibiyar yuraniyam-235 tana ɗauke da furoton 92 da nutiron 143, a cunkushe wuri guda. Furoton duk cajinsu iri ɗaya ne, don haka kullum cikin tunkuɗar juna suke. Abin da ya riƙe su wani ƙarfi ne dabam, mai tsanani ƙwarai amma gajeren hannu, ba ya kama sai na kusa da kusa. Da nutiron ya shigo, yakan ƙara wa cibiyar ƙarfi kimanin MeV 6.5. Sai ta fara rawa, ta miƙe, ta koma siffar ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu: kai nan, kai can, siririn wuya a tsakiya. Da wuyan ya tsinke, sai tunkuɗar lantarki ta yi aikinta, ɓangarorin biyu su watse a guje, ɗaya mai nauyi wajen 95, ɗaya wajen 140. Jimlar ƙarfin da ke fita kusan MeV 200 ne, kuma wajen 170 daga ciki a gudun ɓangarorin nan biyu yake tafiya. MeV shi ne mudun da ake awon ƙarfi da shi a wannan fage. Don a san girmansa: zarra ɗaya ta gawayi idan ta ƙone a kurfoti, abin da take bayarwa kashi ɗaya ne cikin miliyan 50 na tsagewar yuraniyam guda.

Waɗanda suka fara bayyana tsagewa gida uku dalla-dalla har da wasu mata da miji 'yan ƙasar Sin, Qian Sanqiang da He Zehui, a ɗakin binciken Joliot-Curie da ke Faris, tsakanin 1946 da 1947. Kayan aikinsu farantin hoto ne mai kaurin shafe, wanda aka jiƙa da yuraniyam aka haska masa nutiron. Duk ƙwayar da ta ratsa shafen takan bar sawu, sai a wanke a sa a madubin ƙara girma a yi ta dubawa ɗaya bayan ɗaya. Yawanci layi ne miƙaƙƙe, sawun ɓangarori biyu da suka ba juna baya. Can jefi-jefi sai ga reshe na uku, siriri dogo, ya fita ta gefe. Har mai rassa huɗu sun gani. Abin da ke taɓa ni a labarinsu shi ne, cibiyar binciken da Qian ya daɗe yana shugabanta bayan komawarsu gida ita ce daga baya ta ƙera tukunyar da ke Kwabenya.

To wane ne wannan ɗan ukun? Wajen tara cikin goma ƙwayar alfa ce, wato cibiyar hiliyam-4, furoton biyu da nutiron biyu. Wajen kashi 7 cikin ɗari tiritiyam ne, nau'in haidirojin mai furoton ɗaya da nutiron biyu. Ɗan abin da ya rage sai a raba wa furoton tsura, da haidirojin mai nutiron ɗaya, da hiliyam-6, da litiyam, da beriliyam-10, da kabon-14, da waɗanda suka fi su nauyi, waɗanda sai na'ura irin Lohengrin da ke Grenoble a Faransa take iya tsinto su, saboda ƙarancinsu. Mai lura zai ga wani abu a jerin nan. Tiritiyam mai nutiron biyu ya fi furoton tsura yawa nesa ba kusa ba, hiliyam-3 kuwa, mai ƙarancin nutiron, kusan ba a ganinsa sam. Wurin da ake haifar 'ya'yan nan ke nan cike yake da nutiron. Haka kuma hankali zai ɗauka, tunda furoton masu tunkuɗar juna sun fi son su ja can kawuna biyu, su bar wuya ga nutiron.

Hujjar cewa daga wuya yake fitowa tana cikin hanyar da yake bi. Da a ce ɗaya daga cikin manyan ɓangarorin ne ya tofar da shi bayan sun rabu, da ya bi bayan uwarsa, ko ya fantsama ko'ina. Ba haka ake gani ba. Kusan dukansu ta gefe suke fita, a gicciye da layin da manyan suka bi, a kusurwar da ta ɗara digiri 80 kaɗan idan an auna daga ƙaramin ɓangaren. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayar da ta tsinci kanta tsakanin manya biyu, kowanne yana tunkuɗa ta, ba ta da mafita sai gefe, kamar yadda ƙwallon agwaluma mai santsi yake kuɓucewa daga tsakanin yatsu biyu. Da yake babban ɓangaren ya fi caji, turinsa ya fi ƙarfi, sai ya ɗan karkata ta wajen ƙaramin, shi ya sa kusurwar ba ta cika 90 ba. Gudunta ma shaida ne. Alfar da yuraniyam ke fitarwa a ruɓewarsa ta yau da kullum ƙarfinta MeV 4 da 'yan kai ne, santimita uku kacal take ci a iska. Alfar wuya kuwa matsakaicin ƙarfinta wajen MeV 16 ne, tana wuce santimita 20. Mafi yawan wannan ƙarfi ba da shi aka haife ta ba, turin manyan nan biyu ne.

Yanzu sai maganar zafi, kuma a nan gizo ke saƙar.

Wata rana bayan la'asar ina wannan bayani a ƙofar gida, kawuna yana gefe yana saurare. Dillalin dabbobi ne, ya tsufa a harkar raguna a Accra. Da na ce masana sun ce zafin wuyan ya haura digiri biliyan 10, sai ya dube ni ya ce, "Malam, da me suka auna? Wa ya tsoma ma'auni a ciki?" Na ce, "Kawu, ba wanda ya tsoma." Tambayarsa kuwa ita ce ainihin tambayar, kuma ba ta da sauƙin amsa.

Da farko, mene ne zafi? Idan ruwa ya yi zafi a tukunya, ƙwayoyinsa ne suke ta kai-komo barkatai, kowace ta samu rabonta na ƙarfin da wuta ta zuba. Zafi shi ne awon wannan rabo. A 1936 Bohr ya kawo tunanin cewa nutiron idan ya shiga cibiya, ƙarfinsa yakan watsu a kan kowa da kowa, har a manta ta inda ya shigo. Hans Bethe a shekarar, da Victor Weisskopf a 1937, suka ɗora lissafi a kai: cibiyar da ta ɗauki ƙarfi ana iya ba ta zafi, kuma tana iya fitar da ƙwayoyi yadda ruwan zafi ke fitar da tururi. Da MeV ake faɗin wannan zafi. MeV ɗaya daidai yake da digiri biliyan 11.6, alhali zafin can cikin ƙwallon rana kanta wajen digiri miliyan 15 ne. Kada wannan ya firgita mazauna Kwabenya da Haatso. Ruwan da tukunyar take ciki ko tafasa ba ya yi, domin wurin da ke ɗaukar wancan zafi cibiyar zarra ɗaya ce tak, lokacin kuma bai kai a kira shi ƙiftawar ido ba. Ka raba sakan gida biliyan, ka ɗauki ɗaya ka sake raba shi gida biliyan, ka ɗauki ɗaya ka raba shi gida dubu. 'Yan ƙwarori ko 'yan gomomi na wannan gutsuren su ne tsawon tafiyar daga miƙewa zuwa tsinkewa. Yawan irinsa a sakan guda ya fi yawan sakan da ke cikin shekara biliyan 10.

Wani zai ce, ai ga nutiron biyu ko uku da ke fita a kowace tsagewa, me ya hana a tambaye su? Ana tambayarsu, kuma suna ba da amsa. Sai dai galibinsu sai bayan ɓangarorin sun rabu sun kai cikakken gudunsu suke fita. Labarin zafin kowane ɓangare suke bayarwa bayan an watse. Ɗan uku shi ne ganau.

Amsar da na ba Kawu daga sana'arsa na ɗauko ta. Na ce, "Kawu, in layya ta matso, kuna buƙatar leƙa aljihun mutane kafin ku san ko bana akwai kuɗi a gari?" Ya ce a'a, kwana biyu a turke sun isa. In manyan raguna suna tashi, da kuɗi a hannu. In kowa ƙaramar tunkiya yake taya, an sha wuya. To haka abin yake a wuyan yuraniyam. Kowace irin ƙwaya tana da farashinta, wato ƙarfin da za a kashe kafin a ɓamɓaro ta a ajiye ta tsakanin manyan biyu. Zafi shi ne aljihu. Ƙa'idar Boltzmann ta ce idan zafi MeV ɗaya ne, duk ƙarin MeV ɗaya a farashi yana rage yawan ƙwayar kusan sau 2.7. Wadda ta fi 'yar'uwarta tsada da MeV 7 za ta ƙaranta fiye da sau dubu. In kuwa zafin 1.4 ne, ƙarancin sau 150 ne kawai. Ka ga ke nan in ka ƙirga masu tsada da masu araha, kuma ka san farashin kowace, sai ka juya lissafin ka fitar da zafi. A nan ma ake gane dalilin da ya sa alfa ta mamaye kasuwa. Ɗaurinta yana da ƙarfi ƙwarai, MeV 28.3, na tiritiyam kuwa 8.5 ne. Wanda ya haɗu da kyau, haɗuwar tasa takan biya masa wani kaso na kuɗin fita.

Kawu bai bar ni na huta ba. Ya ce ba aljihu kaɗai ba ne. Shekarar da motocin Bawku da Burkina Faso da Nijar suka sauko da yawa, manyan raguna sukan tashi ko da ba kuɗi sosai, saboda kaya sun wadata. Wallahi matsalar da masana suka yi fama da ita ke nan. Yawan kowace ƙwaya bai tsaya ga zafi kaɗai ba, ya danganta da wadatar nutiron da furoton a wuyan, abin da ba wanda ya auna kai tsaye. Dabarar da Sebastiano Albergo da abokan aikinsa suka fito da ita a Italiya a 1985 ita ce a yi awo biyu a raba ɗaya da ɗaya. Ka ɗauki litiyam-7 da litiyam-8, bambancinsu nutiron ɗaya. Ka ɗauki beriliyam-9 da beriliyam-10, su ma nutiron ɗaya. Wadatar nutiron tana taimakon litiyam-8 daidai yadda take taimakon beriliyam-10, don haka in ka raba kason farko da na biyu, sai ta fita daga lissafin. Abin da ya rage shi ne bambancin ɗauri. Nutiron na ƙarshe a litiyam-8 da MeV 2 aka riƙe shi, na beriliyam-10 kuwa da 6.8, tazarar 4.8. In zafi ɗaya ne, tazarar nan za ta ba da rinjaye wajen sau 120, in 1.4 ne wajen sau 30, bayan an yi ɗan gyara saboda juyin kowace ƙwaya. Don karon manyan cibiyoyi aka ƙirƙiro dabarar, daga baya aka kawo ta kan tsagewa gida uku.

Sakamakon da ake samu yana yawo tsakanin MeV 1 da 1.4, gwargwadon cibiyar da aka duba da hanyar da aka bi. Wani aiki da aka yi a Jami'ar Texas A&M a 2014 a kan fulutoniyam-241 ya tsaya a wajen 1.4. Wato digiri biliyan 12 zuwa 16.

Ƙirgar kanta ba ta zuwa a wanke. Wasu ƙwayoyin ba da fuskar da aka haife su suke isa na'ura ba. Hiliyam-5, alal misali, ba ya rayuwa: yana fita yake zubar da nutiron ɗaya ya koma alfa, sai a rubuta shi a layin alfa. Masu ƙaramin gudu kuma sukan maƙale a shingen da ake sawa don tare manyan ɓangarori da alfar ruɓewa, sai a cike gurbinsu da lissafi. Duk mai fitar da zafi dole ya fara gyara waɗannan.

Amma babbar gardamar ta wuce nan. Kafin ka ce abu yana da zafi kaza, sai ƙarfin da ke cikinsa ya gauraya ya daidaita. In ka zuba tafasasshen ruwa a bokitin ruwan sanyi, ka tsoma hannu kafin su haɗu, sama ƙuna ƙasa sanyi, wane zafi za ka ce ruwan yake da shi? Shin wuyan da ke tsinkewa cikin wancan ɗan lokaci ya samu sukunin daidaita? Irving Halpern na Jami'ar Washington a Amurka, wanda ya yi dogon nazari a kai tun shekarun 1960, ya ƙiyasta cewa farashin fitar da alfa ya kai wajen MeV 20. In ka sa wannan a ƙa'idar Boltzmann da zafi ɗaya, sai ka samu kamar biyu cikin biliyan, ga shi kuwa ana ganin biyu cikin dubu. Shi ya sa ya karkata ga cewa ba tururi ba ne, fizga ce: wuya ya tsinke farat ɗaya, kututturansa biyu suka koma cikin kawuna da sauri, aka bar ƙwayar a fili ba ta ankara ba. Wasu a Rasha suka ce wuyan ne ke tsinkewa wuri biyu, kamar zaren koko. Wasu kuma, irin su John Lestone na Los Alamos, suka dawo da tururin ta wata ƙofa, cewa daga wuyan yake tashi tun kafin ya tsinke, inda shingen fita ya yi ƙasa.

Na zauna da biro na gwada wani lissafi mai sauƙi, kuma shi ya daidaita min tunani. A ƙa'idar Bethe, ƙarfin da ake buƙata don ɗumama cibiya shi ne zafi sau zafi sau wani adadi, wanda yake wajen nauyin cibiyar a raba goma. Ga yuraniyam-236, wato 235 da baƙon nutiron, adadin wajen 24 ne. Zafi ɗaya zai ci MeV 24, zafi 1.4 zai ci 47. To amma duk abin da ya rage bayan an cire gudun ɓangarori bai wuce MeV 20 zuwa 25 ba, kuma a lokacin tsinkewa kaso mai tsoka na wannan yana ɗaure a lanƙwasar ɓangarorin, bai zama zafi ba tukuna. Aljihun bai isa a ɗumama cibiyar gaba ɗaya zuwa 1.4 ba. Idan adadin nan gaskiya ne, to na wuya ne shi kaɗai, siririn wuri mai sakakken jiki da yalwar nutiron, ba na kawunan biyu ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da zafi shi kaɗai bai warware ba. Na farko, lissafin daidaito yakan yi alkawarin ƙwayoyi masu nauyi fiye da waɗanda ake samu. Masu aikin Texas sun fassara wannan da ƙarancin lokaci: babbar ƙwaya sai ta taru a hankali, nutiron da furoton suna manne mata ɗaya bayan ɗaya, wuya kuwa yakan tsinke kafin ta gama girma. Na biyu ya fi ɗaure kai. Fulutoniyam-240 yakan tsage da kansa ba tare da an taɓa shi ba. Ana kuma iya samar da shi ta hanyar ba fulutoniyam-239 nutiron, sai ya tsage da ƙarin MeV 6.5 a jikinsa. Cibiya ɗaya ce, ɗaya a sanyaye, ɗaya a ɗumame. Da tururi ne zalla, mai ɗumin ya kamata ta fi fitar da alfa. Awon da aka yi a Beljiyam ya nuna ba haka ba ne, ta sanyin ma ta ɗan fi. Fassarar da aka bayar ita ce alfa takan riga ta haɗu a cikin cibiya tun kafin tafiya ta yi nisa, ɗumi kuma yana wargaza wannan haɗuwa.

Ni dai inda na tsaya shi ne, ban yarda a yi watsi da zafin nan a ce adon lissafi ne ba. Adadi ɗaya da ya iya jera ƙwayoyi iri-iri, daga wadda ake samu sau ɗaya cikin ɗari biyar zuwa wadda sai an tsage miliyoyi kafin a ga guda, kuma ya fito kusan iri ɗaya a cibiyoyi dabam-dabam, yana faɗin wani abu na gaske. Amma ban yarda a faɗe shi yadda nas take faɗin zafin jikin yaro a asibiti ba. Na nas awo ne. Wannan kuwa fassarar shaida ce, an gina ta a kan zaton cewa wuyan ya kusa daidaita, kuma alfa da kanta, wadda ta fi kowa yawa, ita ce ta fi kowa kauce wa zaton. Ɗalibin da ya riƙe wannan bambanci ya fi min wanda ya haddace 1.4.

Kada a ɗauka duk wannan zancen ɗakin bincike ne kawai. Mu koma Kwabenya da lissafi. Tukunya mai kilowat 30 tana tsaga cibiya kusan tiriliyan dubu a kowane sakan. Ɗaya cikin 500 na wannan shi ne tiriliyan biyu: yawan 'ya'yan ukun da ake haifa ke nan a sakan guda, 'yan kilomitoci daga inda muke shan koko, duk lokacin da aka kunna ta. Alfa tana tsayawa a cikin makamashin ta zama iskar hiliyam, wadda ba ta da illa sai dai ta ƙara matsi a cikin sandar. Tiritiyam kuwa, wanda aka tabbatar a 1959 cewa tsagewa tana haifar da shi, yana fitowa kamar sau ɗaya a tsagewa 10,000. Ko da tukunyar Kwabenya ta yi shekara cur tana aiki dare da rana, abin da za ta tara bai kai ko kusa da nauyin ƙwayar gero ɗaya ba.

Sai dai Ghana tana shirin gina tashar lantarki ta nukiliya, har an bayyana Nsuban a Yankin Yamma a matsayin wurin da aka fi so. Duk wanda ya sha duhun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya san abin da ya sa ake wannan magana, ni ma ina cikin masu fatan ganin ta. Tasha mai ba da megawat 1,000 na lantarki zafin cikinta wajen megawat 3,000 ne, ninkin ta Kwabenya sau 100,000. Tiritiyam ɗin da wuya kaɗai zai haifa mata a shekara zai kai giram ɗaya zuwa biyu. Kaɗan ne a sikeli, amma haidirojin ne, yana shiga jikin ruwa ya zama ruwa, matatar da ke kama sauran datti ba ta kama shi. Rabinsa yana ruɓewa ne a shekara 12.3. Shi ne abin da ya rage a ruwan Fukushima bayan tacewa, wanda Japan ta fara sakewa cikin teku a watan Agusta na 2023 bayan an sirka shi. A tashar da ke aiki lafiya, mafi yawan tiritiyam ɗin wuya yana zama a cikin sandar makamashi, kuma irin ƙarfen da aka yi wa sandar riga da shi ne ke yanke hukunci: rigar zirkoniyam tana riƙe kusan dukansa, ta ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa tana barin kaso mai yawa ya ratsa zuwa ruwan sanyaya tukunya.